Yadda ake tattaunawar farko da majinyacin da ke shaye-shaye

Mutumin da ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyi yakan zo asibiti da kunya da fargaba, domin ya saba da faɗa da gori a gida da waje. Saboda haka a fara da neman wurin da ba kowa zai ji maganar ba. Ma'aikacin jinya ya zauna, kada ya tsaya masa a kai da fayil a hannu, ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da aikinsa, sannan ya sanar da shi cewa abin da zai faɗa sirri ne, sai fa idan ransa ko na wani yana cikin haɗari.

Daga nan sai tambaya. Cewa "Me ya sa ba ka daina ba?" tuhuma ce, kuma ba ta haifar da komai sai musu. Gara a ce, "Malam, ba ni labarin yadda kake yini tun daga safe," a yi shiru a saurara, sannan a maimaita masa abin da aka fahimta: "Wato sha yana taimaka maka ka yi barci, amma kana tsoron rasa aikinka." William Miller, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, shi ne ya fara bayyana wannan salo a 1983, kuma tushensa shi ne mutum ya fi bin dalilin da ya fito daga bakinsa fiye da wa'azin wani.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci a ganina, kuma dominsa ake duk wannan lallashi. A tambaye shi abin da yake sha, da yawansa, da lokacin da ya sha na ƙarshe. Wanda jikinsa ya saba da giya, idan ya yanke ta farat ɗaya, karkarwar hannu da zufa da tashin zuciya kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyo baya, sannan a kwana na biyu ko na uku ya ruɗe ya riƙa gane-gane, wanda hakan kan kai ga mutuwa idan ba a yi magani ba. Majinyacin da ya ji an raina shi zai faɗi ƙasa da adadin da yake sha, ma'aikata kuma su saki jiki a daidai lokacin da ya kamata su sa ido a kan bugun zuciyarsa da hawan jininsa.

A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta dasa wa mutum wannan tunani. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da likita nan take. Idan kuwa ya ce yana jin muryoyi, kada a ƙaryata shi, kada kuma a gaskata, a ce, "Ni ban ji su ba, amma na ga sun tsorata ka. Me suke ce maka?"

A rubuta maganganunsa yadda ya faɗe su. Mai shan tramadol ko kodin kuma a gargaɗe shi kafin sallama cewa jiki yana rasa sabo da ƙwayar bayan kwanakin da ya yi bai sha ba, don haka adadin da ya saba sha a baya zai iya tsayar masa da numfashi, sannan a koya wa iyalinsa su garzaya da shi asibiti idan numfashinsa ya ragu ko ya kasa farkawa.