Babi Na Shida: Sabunta Fentin Wilin Babur

A babi na biyar mun koyi wanke cen da sa masa mai. Yanzu za mu sauka ƙasa, wurin wili. Wili shi ne ƙarfen da ake ɗora taya a kansa, wasu kuma na ce masa rim. Shi ke shan taɓo da damina, shi ke shan ƙura da rani, kuma shi mai saye ke fara kallo ranar da za ka sayar da babur ɗinka. Ka karanta a hankali. Inda kalma ta tsaya maka, ka sa yatsa a ƙarƙashinta ka sake. Babu kunya a maimaitawa.

Darasi Na Ɗaya: Duba wili da haɗa kaya

Wilin babur iri biyu ne. Akwai mai wayoyi, irin wanda aka fi gani a baburan haya, bakinsa ƙarfe ne. Akwai kuma na zubi, wanda ba shi da wayoyi, sai 'yan ƙafafu masu kauri, yawancinsa alminiyam ne. In kana shakka, ka samo mayen ƙarfe daga tsohuwar sifikar rediyo ka kanga. In ya manne, ƙarfe ne. In ya faɗi, alminiyam ne. Ka riƙe amsar, za ta yi maka amfani a shagon fenti.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka ɗora babur a kan doguwar ƙafa, ka juya wilin, ka zuba masa ido. Yana rangaji dama da hagu? Akwai tsaga? Tsatsa ta ci bakin har ta huda? In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, tsaya. Ka kai wa makanike. Wilin da ya tsage ba a rufe shi da fenti, domin ran mutum ake ɗorawa a kansa, naka da na wanda ka goya.

Ga kayan da za ka tanada. Ka kwafe su a littafinka da hannunka kafin ka tafi kasuwa: omo da bokitin ruwa, buroshin ƙarfe, samfefa, tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi), fararen tsummoki masu tsabta guda huɗu ko biyar, salatif na takarda, tsohuwar jarida, takunkumin rufe hanci, gwangwanin fentin shimfiɗa wanda masu shago ke kira firaima, da gwangwanin fentin launin da kake so. Ka gaya wa mai shago ko wilinka ƙarfe ne ko alminiyam, domin firaimarsu ba ɗaya ba ce. Ta ƙarfe mai hana tsatsa ce, sau da yawa ja ce kamar jar ƙasa. Alminiyam yana da tasa daban.

Yanzu maganar samfefa, kuma nan karatun lambobi zai yi maka rana. Juya bayan takardar. Akwai lamba a rubuce. Ƙaramar lamba, samfefa mai kaushi. Babbar lamba, samfefa mai laushi. Wato 120 ta fi 400 kaushi. Na san kan mutum yana so ya ce babbar lamba ita ce mai ƙarfi, amma ba haka ba ne. Ka sayi guda uku: 120, da 240, da 400. Ka shafa kowace a bayan hannunka, ka ji bambanci, ka faɗi lambarta da baki.

Ka cire wilin daga babur, ka kai wa mai faci ya fitar da taya da tib. Wasu na son su yi fenti taya na ciki, don kada su biya mai faci. Ana iya yi, amma tsatsar da ta fi ɓarna tana can ciki, ƙarƙashin taya, inda ruwa ke kwanciya. In ba ka buɗe ba, ba za ka gan ta ba.

Darasi Na Biyu: Wanki da guga

'Yan'uwa, wannan darasi ya fi sauran tsawo, kuma da gangan na yi. Na daɗe ina tsaye a kan ɗalibai suna wannan aiki, kuma kusan duk wanda fentinsa ya lalace, a nan ya ɓata. Fenti ba ya kama jikin da ke da mai. Ba ya kama tsatsa. Ba ya kama ƙarfe mai santsi yana ƙyalli.

Fara da ruwa da omo. Ka jiƙa wilin, ka cuɗa shi lungu-lungu, gindin kowace waya, da zagayen ramin bawul. Wilin baya ya fi na gaba datti nesa ba kusa ba, domin cen na watsa masa baƙin mai kullum. Ka ba shi lokaci ninki biyu. Ƙurar da ke cikin gidan birki kada ka hura ta da baki, tana da illa ga huhu. Ka share ta da jiƙaƙƙen tsumma, ka yar da tsumman. Ka lura kada ruwa ya shiga boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke tsakiyar wili, waɗanda yake juyawa a kansu. Ka ɗauraye, ka jingine a rana ya bushe ƙarau.

Wannan wanki na farko ke nan. Bai isa ba.

Ɗauki buroshin ƙarfe ka kankare tsatsa da tsohon fentin da ke ɓamɓarewa. In wilinka alminiyam ne, ka yi a hankali, domin ya fi ƙarfe laushi kuma yana saurin yin zane. Sai samfefa mai lamba 120, a wuraren tsatsa kawai, har ka ga farin ƙarfe. Daga nan 240, duk jikin wilin. Daga nan 400, duk jikin wilin kuma. Ka yago samfefar ƙanana, ka naɗe a yatsa don ta shiga tsakanin wayoyi. Abin da kake nema shi ne ƙyalli ya mutu. Ka ɗaga wilin ka kalle shi ta gefen haske. Duk inda ya ƙyalla maka, wurin bai sha guga ba, ka koma masa. Samfefa tana yi wa ƙarfe 'yan zane-zane waɗanda ido ba ya gani sosai, a cikinsu fenti ke samun abin riƙewa, kamar yadda magini ke sassara bango kafin ya yi shafe.

Hannu zai gaji. Yatsu za su yi zafi. Ka huta ka sha ruwa ka dawo. Wili ɗaya mai wayoyi yana iya cinye maka hantsi guda, kuma hakan ba laifi ba ne, alama ce kana yi daidai.

Yanzu wanki na biyu. Ka fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, nesa da mai shan sigari, domin tina na kama wuta nan take. Ka zuba 'yar tina a farin tsumma ka goge wilin. Dubi tsumman. Ya yi baƙi ko toka-toka? To, juya wuri mai tsabta ka sake. Ya sake yin baƙi? Ɗauki sabon tsumma ka sake. Ba ka gama ba sai farin tsumma ya bi wilin ya dawo fari. Shi ya sa na ce fari, ba wani launi ba, domin shi ne ba ya ɓoye datti.

Kada ka yi wannan da kananzir. Kananzir kansa mai ne, yana barin maiƙo. Kada ka yi da tsumman da kake goge inji.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Wani ɗalibinmu, magidanci mai ƙoƙari ƙwarai, ya yi guga har na yaba masa. Ya goge da tina, tsumma ya dawo fari. Sai aka kawo ƙosai, ya ci, ya shafa hannu a wando, ya ɗauki wilin da hannu biyu ya kai inuwa. Bayan sati biyu ya zo aji da babur ɗin. Wuri biyu a bakin wilin fentin ya tashi kamar ɓawon albasa, daidai inda yatsunsa suka riƙe. Ya sa farce ya ɗaga, sai ga ƙarfe. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, domin kuɗin gwangwani biyu ne da wuni guda. Bai yi lalaci ba, mantuwa ce ta minti ɗaya.

Saboda haka, bayan gugar tina, hannunka ba ya taɓa inda fenti zai hau. Ka riƙe da tsumma mai tsabta, ko ka zura sanda ta tsakiyar wilin ka ɗaga. In ka manta ka taɓa, ba komai, sake gogewa. In yaro ya zo ya taɓa, sake gogewa. In ka bar shi ya kwana, gobe ka sake gogewa kafin ka fesa, kuma wilin ƙarfe ma kada ka bari ya kwana tsirara da damina, domin raɓa kaɗai ta isa ta dawo da tsatsa.

Na faɗa, kuma na san a cikinku akwai wanda yanzu haka yake cewa a ransa, "Malam ya cika maimaici, nawa wilin ai da tsabtarsa." Kai nake yi wa magana. Haba! Kowace shekara sai an samu mai tsallake wannan mataki, sannan ya dawo yana zagin mai shago wai ya sayar masa da jabun fenti. Fentin lafiyarsa ƙalau. Ka zauna ka goge wilinka.

Aikin rubutu: ka cike gurbi a littafinka. Fenti ba ya kama ____. Na gama gogewa idan farin tsumma ya dawo ____. Lamba 120 ta fi lamba 400 ____.

Darasi Na Uku: Rufewa da feshi

Akwai wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba: cikin gidan birki inda takalmin birki ke gogawa, da boris, da faifan birki in babur ɗinka mai faifai ne. Fenti a kan birki yana rage kamunsa. Ka toshe su da jarida, ka manne da salatif. Ka yi wannan da tsumma a hannu, in kuma ka taɓa wurin fenti, ka san abin yi.

Ka zaɓi inuwa mara iska. Ranar da hunturu ke busa ƙura, ka haƙura. Ranar da hadari ya haɗu, ka haƙura. Ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka rataye wilin da waya a reshe ko a ƙusa. Sa takunkumi.

Girgiza gwangwanin firaima. Za ka ji wani ɗan ƙwallo yana ƙara a ciki, shi ke dama fentin. Ka ci gaba da girgizawa minti 2 bayan ka fara jin ƙararsa. Ka gwada a jikin kwali tukuna. Tsakanin gwangwani da wili ka bar santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Hannu ya fara tafiya kafin yatsa ya danna, kuma kada ya tsaya wuri ɗaya, in ba haka ba fentin zai zubo kamar hawaye.

Shafi na farko ya zama siriri, har kana hango ƙarfe ta ƙarƙashi. Kada hakan ya dame ka. Jira minti 10 zuwa 15, ka ƙara na biyu. Ka bar firaima ta bushe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwani. In rubutun ya yi maka ƙanana, ka kawo aji mu karanta tare. Sannan fentin launi, shi ma haka, siriri sau uku.

Darasi Na Huɗu: Bushewa da mayarwa

Fenti yana bushewa a sama tun cikinsa na ɗanye. Kada ka gwada da yatsa. Ka bar shi kwana biyu ko uku a inda awaki da yara ba sa kaiwa. Ka cire salatif a hankali. Wurin mai faci, ka roƙe shi ya sa tsumma ƙarƙashin ƙarfensa kada ya kankare bakin wilin. Bayan an mayar, ka gwada birki a tsakar gida kafin ka hau titi.

Darasi Na Biyar: Fentin gari

Akwai wata hanya da ba a yi a gida. Fentin busasshen gari ne. Ana fesa shi da bindiga mai aiki da lantarki, garin ya manne a jikin ƙarfe, sannan a gasa wilin a babbar tanda mai zafin kusan digiri 180 zuwa 200, har garin ya narke ya zama fata guda. Ya fi fentin gwangwani jure duka da tsakuwa, ya kuma fi tsada. Kafin a gasa, dole a cire boris da duk wata roba, wili mai wayoyi kuma sai an kwance wayoyinsa. Kada kowa ya gwada wannan a tandar burodi. Su ma masu wannan sana'a sai sun kankare wili sun cire masa mai kafin su fesa.

Mako mai zuwa kowa ya zo da samfefarsa uku da farin tsumma. Za mu yi darasi na biyu a kan tsohon wilin da ke bayan aji.