Yadda ake haɗa wurin cajin Adaidaita Sahu mai lantarki da sola da batirin ajiya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna da babura masu aiki da batir suka fara samun karɓuwa, musamman a Maiduguri, kuma mutane da dama sun shiga harkar buɗe wurin caji. Yawancin waɗanda na ga sun durƙushe, abu ɗaya ne ya kayar da su: sun sayi kaya kafin su yi lissafi. Ba zan tsaya kan yadda ake ɗaura fanel a rufi ba, wannan kowane mai haɗa sola ya iya.

Fara da sanin wutar da za ka riƙa sayarwa a rana. Ɗauki keke mai batirin bolt 72, amfiya-awa 100, wato kilowat-awa 7.2. Direba ba ya bari ta mutu murus, don haka ka sa 6 a kan kowane caji. Keke goma, 60 ke nan. Sai ka ƙara kwata a kai saboda asara, domin duk inda wuta ta bi, kwantirola, batir, inbata ko caja, sai an yagi wani abu. Ya zama 75. Fanel mai wat 550 zai ba ka wajen kilowat-awa 2.3 a rana a Arewa, ka ga kana buƙatar kamar 33. Da hunturu, idan ba a goge ƙura, ba zai ba da hakan ba.

Batirin ajiya shi ne inda kuɗi ke narkewa, kuma nan ne ake yin aika-aika. Direbobi sun fi son su yi aiki yini guda su kawo keke bayan isha'i. Idan ka biye musu, duk goman daga ajiya za su sha, sai ka tanadi batir na wajen kilowat-awa 80. Jarin ƙaramin ɗan kasuwa ba zai ɗauka ba. Dabarar ita ce ka jawo su rana. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana ta take, direba kuma na neman inda zai yi sallar azahar ya ci abinci. Rage kuɗin cajin rana, ka sa rumfa da tabarma da buta. Idan shida suka yi caji da rana kai tsaye daga fanel, huɗu kawai suka rage na dare, kilowat-awa 24, da asara da abin da dole a bar wa batir, ajiyar 32 ta ishe ka.

Kada ka sayi tubula, wato batirin nan mai ruwan asid, don wannan aiki. Na san za a ce ta fi araha. Tubula mai bolt 12, amfiya-awa 220, tana riƙe kilowat-awa 2.6, amma rabi kawai ya halatta ka zuƙa idan kana son ta yi ƙarko. Sai ka jera 24 kafin ka ciyar da keke huɗun nan, ga ƙarin ruwa, ga shi ba ta son a yi mata caji da gaggawa. Sayi litiyam nau'in LiFePO4 mai bolt 51.2, wanda ake iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa. Kuma ka nemi a gwada maka shi a gabanka da na'urar auna ƙarfin batir. An sha sayar wa mutane sabon akwati, ciki kuwa tsofaffin sel ne, wato ƙananan batura da ake harhaɗawa su zama batir guda, da aka ciro daga wani wuri. Wanda ya ƙi gwaji, ka kama gabanka.

Sai caja. Batirin litiyam mataki biyu yake bi: da farko caja na tura amfiya daidai ba canji har bolt ya kai iyakarsa, daga nan ta riƙe bolt ɗin, amfiya ta riƙa sauka a hankali har ya cika. Shi ya sa ƙarshen caji ke jan lokaci. Da rana, keke ta kai kashi 85 ko 90 a cire ta a sa wata. Amma sau ɗaya a mako a bar kowane batir ya cika fal, a lokacin ne BMS, allon da ke tsaron batirin, yake daidaita sel-sel ɗin.

Abin da ke jawo gobara kuwa, ba kowane "72" ne 72 ba. Akwai mai sel 20 da ke cika a bolt 84, akwai LiFePO4 mai sel 24 da ke cika a 87.6. Bakin cajar sau da yawa iri ɗaya ne, yaron shago sai ya soka duk wadda hannunsa ya kai. In ka sa cajar 87.6 a batirin 84, BMS ɗinsa kuma ya gaza, sai dai a kira 'yan kwana-kwana. Karanta takardar jikin batirin, ka shafa fenti kala ɗaya a kan caja da keken da ta dace da ita.

Zafi ma maƙiyi ne. Ba a son yi wa litiyam caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, ga shi a bazara iskar Maiduguri da Sakkwato kanta tana haura 40. Keken da ta shigo daga aiki a bar ta rabin awa a inuwa tukuna. Batirin ajiya kuma kada a kulle shi cikin kwantena ta ƙarfe. Ɗakin bulo mai silin da tagogi biyu masu kallon juna, da fanka, ya fi.

Sauran ba wuya. Caja mai amfiya 20 tana jan kusan kilowat 1.8, shida a lokaci guda 11 ke nan, sai ka ɗauki inbata mai kilowat 15. Kowane soket da burekarsa da mitarsa, ka sayar da wuta da awo, kada ka yanke kuɗi a kan keke. Waya ta jan ƙarfe zalla, a kafa sandar ƙasa saboda tsawa, a rataye tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa. Wutar NEPA in ta zo da dare ka cika ajiya da ita, amma ka duba layin da kake, don a Afrilun 2024 kuɗin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, ya haura naira 200 a kan kowane yunit.