Yadda za ka shirya kwana uku a tsibiran Yawuri

Idan kana son zagaya ɗaya daga cikin tsibiran kogin Kwara, tun daga Yelwa har gangarawa tafkin Kainji, mai jirgi za ka fara nema. Kada ka yi cinikin a waya. Je ka bakin ruwa da safe, ka gai da sarkin ruwa, ka gaya masa kwanakin da kake son yi, shi zai haɗa ka da wanda ya san hanya. Tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968, tafkin ya shanye garuruwa da gonaki da itatuwa, kututturan kuma suna nan a ƙarƙashin ruwa har gobe. Baƙon matuƙi ba ya sanin inda suke sai ya ji jirgi ya daki abu.

Shata za ka ɗauka, ba jirgin kasuwa ba. Da tsada kam, amma wanda ya tuna jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021, ɗauke da mutum sama da 150, ba zai yi ƙyashin kuɗin ba. Ku yi magana a kan mai tun a tudu: jarka nawa, wa zai saya, sannan ka ƙara guda ta ko-ta-kwana. Rigar kariya ta kowa da kowa ce, har wanda ke cika bakin ya iya iyo.

Ni ba na ba kowa shawarar tafiya da damina, hadari ba ya sallama a kan ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai ranar da hazo ya sauko a jira ya washe. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, saboda haka da la'asar ka tabbata ƙafarka na tudu.

Ranar farko kada ka ɗora mata komai, isa ce da gaisuwa. Babu otal a can, mai gari ne zai ba ka masauki, ka riƙa masa goro da sukari. Rana ta biyu ita ce ta zagaye. Ku fita tun hantsi bai yi ba, ku bi gefen tsibirin a hankali, ku tsaya a gonakin albasar Gungawa, mutanen tsibiran. In wajen tsibirin Foge kuka nufa, tsuntsayen ruwa kaɗai sun isa kallo. Idan matuƙi ya ce a kauce wa wani lungu saboda dorina, ba a musu.

Ka tafi da gidan sauro, tocila, ruwan sha, leda mai kauri ta waya, da tsabar kuɗi ƙanana, don sabis sai an dace. Wanka a kwantaccen ruwa kuwa, tsargiya ce kake gayyata.

Rana ta uku ka sayi bandar kifi tun da safe ku juyo. Rabin kuɗin jirgi ake bayarwa a tashi, cikon sai kun sauka Yelwa.