Yadda Ake Kama Ilhama a Mayar da Ita Littafi

Mutane da yawa suna yawo da labari a kai. Wani ya shekara goma yana ɗauke da nasa, amma ko shafi ɗaya bai sauka a takarda ba. In ka tambaye shi, sai ya ce ilhama yake jira. Ni dai abin da rubutu ya koya mini shi ne, ilhama ta fi ziyartar wanda ta tarar a zaune da alƙalami a hannu. Ga hanyar da nake bi.

Da farko, ka tanadi ma'ajiya: ɗan littafin aljihu ko wayarka. Ilhama ba ta sallama, tana iya faɗo maka kana cikin mota ko barci na shirin ɗaukarka, kuma abin da ka ce za ka tuna gobe da wuya ya kai gobe. Ka rubuta shi nan take. Kada ka tsaya a kan "wata mata ta fusata". Rubuta ainihin maganar da ta fito daga bakinta, da yadda hannunta ke rawa sa'ad da take faɗa. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa wa labari rai.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan aikin, ka yanke wa kanka lokaci da ma'auni. Anthony Trollope, marubucin Ingila na ƙarni na 19, ma'aikacin gidan waya ne. Yakan zauna rubutu da ƙarfe 5:30 na asuba, agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, sannan ya tashi ya tafi wurin aiki. Da ya rasu a 1882, ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. Ban ce ka yi irin gudunsa ba. Ɗauki kalma 300 a rana, abin da bai wuce shafi guda ba. In ka jure kwana 200, ka tara kalma 60,000, wato littafi sukutum. Da yayyafi kogi kan cika. Ka zaɓi lokacin da ba mai nemanka, ka kashe intanet, ka zauna ko kana jin rubutun ko ba ka ji. Ranar da kan ya toshe, ka buɗe ma'ajiyar nan taka, ka ciro abu ɗaya ka fara da shi. In wata rana ta kuɓuce maka, kada ka ce za ka rama ninki biyu washegari, wannan bashin shi ke sa mutum ya tsani teburinsa.

Na uku, ka tsaya tun da sauran magana a bakinka. Ernest Hemingway, marubucin Amurka, yakan ajiye aiki a inda ya san abin da zai biyo baya, don gobe ya tarar da ƙofa a buɗe. Wani lokaci ni a tsakiyar jimla nake bari.

Na huɗu, kada ka haɗa rubutu da gyara. Nan ne na ga sababbin marubuta sun fi faɗuwa, abin kuma yana ba ni takaici, domin akwai masu basira sosai a cikinsu. Mutum zai goge babin farko har ya yi sheƙi, ya sake komawa kansa, shekara ta zagayo bai ga babi na uku ba. Daftarin farko naka ne kai kaɗai. In sunan jarumi bai kwanta maka ba, ko akwai abin da sai ka bincika, ka sa alama ka wuce. Sau da yawa sai ka kai ƙarshe za ka gane ainihin jigon da kake bi, a lokacin ne za ka san farkon da ya dace da shi.

Na biyar, in ka kammala, ka rufe shi ya huta, ko da wata guda ne. Sannan ka karanta shi da murya, kamar kana karanta wa wani. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala. Inda hankalinka ya tafi wani wuri, mai karatu ma a nan zai ajiye littafin. Ka yanke, ko da shafin ya ci maka kwana uku.

Daga nan sai ka miƙa wa mutum ɗaya ko biyu masu yawan karatu, waɗanda ba za su ji nauyin faɗa maka gaskiya ba. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, amsar a bayyane take. Ka tambaye su a wane shafi suka gaji, wane mutum ne a labarin ba su yarda da shi ba, kuma me suka zaci zai faru da suka kai tsakiya. Ka rubuta amsoshinsu ba tare da musu ba, ka bari su kwana biyu, sannan ka buɗe shafin farko ka soma daftari na biyu.