Man tsere mai dalma: yadda ake lalata shi tun kafin ya shiga tanki

Man da ake sha a gidajen mai na Damagaram, ko na matatar SORAZ ko wanda ake shigowa da shi, babu dalma a cikinsa. Tun farkon 2006 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen kudu da Sahara, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Mai dalmar da ya rage shi ne na injinan tsere da kuma shuɗin man ƙananan jiragen sama, 100LL. Da tsada ake samunsa, daga nesa kuma, amma sai ka ga an ajiye shi kamar man da ake sayarwa a kwalba bakin titi.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne barin haske ya taɓa shi. Sinadarin dalmar da ke ɗaga okten ɗin man, wato ƙarfinsa na jure matsi a cikin inji, ba ya jure hasken rana, wargajewa yake yi, ya kwanta a gindin mazubi kamar farar toka. Man yana nan da warinsa, sai dai ƙarfin da aka biya kuɗinsa ya ragu. A zuba shi a injin da aka ƙara wa matsi, sai ya fara ƙwanƙwasa idan aka taka, buji ya ƙone, wani lokaci kan fistin ya huje. Haba malam! Ka kashe dukiya a kan inji, sannan ka juye mansa a rawayar jarkar man girki, ka dasa ta ƙofar gareji tun hantsi har la'asar? Wannan robar haske na ratsa ta, tururin man ma yana fita ta jikinta. Kwalba kuwa ta fi muni. Ni dai ba na yarda da komai sai gwangwanin ƙarfen da man ya zo a ciki, ko jarkar ƙarfe mai lafiyayyar roba a murfi. In ka ga tokar nan, girgizawa ba ta mayar da dalmar. Man ya tashi daga na tsere.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ba a magana. Fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, wato duro mai lita 200 zai ƙaru da wajen lita 4 idan zafi ya hau da digiri 20. Wanda ya cika shi maƙil zai tarar yana tsatsafowa ta murfi. Wanda kuma yake buɗewa kullum wai ya sha iska, sassan man marasa nauyi yake saki, su ne kuma masu tayar da inji da sanyin safiya. A bar sararin lita 10 a sama, a ɗaure murfi tam, a sa a ɗakin ginin ƙasa mai tagar iska, nesa da murhu da wurin kwana. In an ci rabin duro, a juye sauran a ƙananan jarkokin ƙarfe, domin iskar da ta maye gurbin man ce ke sa shi danƙo, danƙon ya toshe ƙananan hujojin kafireto.

Da damina duron da ke tsaye a waje ruwa ke taruwa a kansa, dare ya yi sanyi ya zuƙe shi ta bakin murfi. A kwantar da shi a kan katako, murafan biyu su daidaita hagu da dama.

Kar a sa famfo ko bututun jan ƙarfe, yana gaggauta danƙo. Kar a haɗa tsoho da sabo don a rufe asara. Kar a ba motar zamani ragowarsa, dalma na kashe matatar hayaƙi da na'urar auna iskar da ke jikin salansa. Zuƙar tiyo da baki kuwa, ko wanke hannu da shi bayan aiki, ganganci ne, wannan dalmar ta fata ma shiga take yi.

A rubuta ranar saye da ranar buɗewa a jikin mazubi. Rufaffen gwangwani a wuri mai sanyi yakan kai shekara, har ya wuce. Wanda aka buɗe a zafin nan namu, ba na barinsa ya haura wata uku. Kafin a zuba, a ɗebi kaɗan a farar kwalba cikin inuwa, a duba gindinta ko akwai toka ko ɗigon ruwa.