Kafin ka biya kuɗin jita, ga abin da za ka duba

Duk mai son koyo da ya zo wurina, tambayarsa ta farko ita ce wane kamfani ya fi. Ni kuwa nakan ce a ajiye sunan kamfani tukuna, a fara sanin wace irin jita ake nema.

Akwai jitar Sifen mai tsirkiyar nailan. Wani masassaƙi, Antonio de Torres, shi ya daidaita siffarta ta yau a shekarun 1850, ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin allon gaba. Da can da hanjin dabba ake yin tsirkiyar, sai a shekarun 1940 nailan ya maye gurbinsa. Tana da taushi a yatsa, amma wuyanta faɗi gare shi, mai gajerun yatsu zai ɗan sha wuya.

Sai mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta bunƙasa a Amurka. Kamfanin Martin, da aka kafa a 1833, ya yi suna wajen tokare allon gaba da itace a gicciye ta ciki, kuma wannan tokarin ne ya jure jan ƙarfe daga baya. Ta fi amo, amma yatsunka za su yi zafi har sai sun yi kanta. Kada ka kuskura ka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan. An sha kawo mini irinta, gadar da ke riƙe tsirkiya ta ɗago daga allo, wuyan ya lanƙwashe.

Ita kuwa ta lantarki, larura ce ta haife ta. A manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka kayan busa kan danne jita, ba a jin ta. Sai aka sa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, ya riƙa kai girgizarta ga lasifika. Kamfanin Rickenbacker ya fara sayar da irinta a 1932. Masu rami a ciki kan yi kuwwa idan an ƙara murya, shi ya sa mai ƙera jita Leo Fender ya koma ga katako guda marar rami: Telecaster a 1951, Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson ya fito da tasa mai suna Les Paul a 1952. Maganaɗisu mai naɗi ɗaya sautinsa kaifi ne, amma yana ɗan gunji. Mai naɗi biyu ya fi kauri, kuma ba ya gunjin. In kaifin kiɗan Abzinawa kake so, irin na Mdou Moctar na Nijar, wanda bahago ne kuma Stratocaster yake kaɗawa, to mai naɗi ɗaya za ka nema. Ka tuna kuɗin lasifika da waya, sannan ka tuna ɗauke wuta. Ni dai ga mai farawa, wadda ba ta neman wuta nake zaɓa.

Idan ka shiga shago, musamman na gwanjo, ɗaga jitar ka sa ido daga kai zuwa ciki, ka ga ko wuyan ya murɗe. In ya murɗe, ajiye ta, ko nawa aka rage maka. Sannan ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuya zuwa na 12. Tazarar tsirkiya da wannan ƙarfe kada ta wuce milimita uku sosai, in ba haka ba dannawa za ta gajiyar da kai ka daina koyo. Danna tsirkiyar a nan ka kaɗa, sai ka sake ta ka kuma kaɗawa: sauti ɗaya ya kamata ka ji, na farkon ya fi siranta kawai. Bi kowace gaɓa ta wuyan, kana dannawa kana kaɗawa, ɗaya bayan ɗaya kana sauraron zizar ƙarfe. Murɗa makunnan shida da ke ɗaure tsirkiya, ka tabbata babu mai suɓucewa. In ta lantarki ce, sa a jona ta a gabanka, ka girgiza bakin wayar, ka juya kowane maɓalli.

In ka kai ta gida, hunturu ne abin tsoro, don bushewar iska na tsaga allon gaba. Ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai danshi a robar da ka huda, ka tabbata ruwa bai taɓa itacen ba. Kada kuma ka bar ta a mota da rana, zafi na sassauta gam.