Yadda na sa Neovim ya riƙa haɗuwa da rumbun bayanai da kansa

Kwana biyu ina fama. Manhajar da nake aiki a kanta tana magana da rumbun bayanai na PostgreSQL lafiya lau, amma Neovim, editan da nake rubuta kod da shi, ya kafe cewa bai ga sabar ba. Ashe laifina ne. A fayil ɗin saituna na .env sunan sabar "db" na rubuta, sunan da a cikin Docker (tsarin da ke gudanar da manhajoji a keɓe, inda sabar take) kaɗai aka san shi. Daga waje, inda Neovim yake, babu wanda ke amsa shi.

Sai na buɗe tashar 5432 ta PostgreSQL a docker-compose.yml (fayil ɗin saitunan Docker), na rubuta wani DATABASE_URL (adireshin rumbun bayanai) mai 127.0.0.1, wato kwamfutata ita kanta, a cikin wani fayil mai suna .envrc. Yanzu da na shiga foldar aikin, direnv (manhajar da ke karanta .envrc) zai loda shi, vim-dadbod (ƙarin da ke haɗa Neovim da rumbun bayanai) kuma ya ɗauka ba sai na ce komai ba. Shi .envrc ɗin na saka shi a .gitignore (jerin fayilolin da Git, ma'ajiyar kod, ba ya ɗauka), tunda kalmar sirri na ciki.